Keken Katakon Mama

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da abokan aikinka a bakin madatsar ruwan nan da kuka ƙi gamawa. Tunda ka zaɓi aiki a inda waya ba ta shiga, sai ka yi haƙuri da rubutuna. A tsaye nake yin sa, direban kamfaninku yana ƙasa yana jirana.

Maganar injin zarton nan ce da ka aiko wa Mama. Na yi shiru, na yi shiru, yau dai tura ta kai bango.

Ban ce ba ka kyauta ba. Na san halin da ta shiga bayan rasuwar Baba, ga kunne ya tafi, ga masu kawo mata ɗinki sun watse. Amma kai ka aiko da abu ka koma bayan duwatsu, ni aka bari da shi. Ta kafa shi a falo gindin taga, inda keken ɗinkinta yake a da, har suna ta sa masa, wai keken katako. Tsuntsaye take yankawa da furanni, tun safe har rana ta karkata. Garin katako a kan kujera, a cikin kofin shayi, jiya har a gashin 'yata Tsigi na kakkaɓe shi. Ni ce nake yini a asibiti ina gaya wa mutane su kiyayi ƙura, ga gidana ya koma shagon kafinta.

Duk wannan mai sauƙi ne. Shekaranjiya na taso daga aiki da wuri, na buɗe ƙofa, me zan gani? Mama ta duƙufa tana bin layin zanen da ke kan katako, zarto yana sama yana ƙasa, Tsigi kuma ta jawo 'yar kujera ta hau, ta miƙa yatsa za ta taɓa tsuntsun da ake yankawa. Tsakanin yatsanta da zarton bai kai faɗin tafin hannu ba. Na ƙwalla ihu har maƙwabta suka ji, Mama ba ta ji ba. Sai da na fizge yarinyar sannan ta ɗago tana min murmushi, wai in zo in ga fiffike. 

Ka san tun da muka rabu da baban Tsigi ba ni da inda zan bar ta sai wurin Mama. Yarinya 'yar shekara uku, ba ta san wuta ba, ba ta san ruwa ba. Ina can ina jinyar 'ya'yan mutane, zuciyata tana gida. Ba zan iya ci gaba a haka ba. Ko zarton nan ya bar gidan, ko in nemi mai raino in daina bar mata jikarta, kuma ka san abin da hakan zai yi mata.

Na riga na fara nawa. Na sauka wurin kafintan da ke ƙasan benenmu na roƙe shi ya daina ba ta guntayen katakon da yake tara mata. In babu katako ai dole keke ya huta. Ban gaya mata ba, ita dai ta je ya ce mata babu.

Kai ka kawo, kai za ka ɗauke. Ka rubuto mata da hannunka, don maganarka kaɗai take bi.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Takardarki ta iso, na karanta ta a natse, na sake karantawa. Ina fatan ke da Mama da Tsigi kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu ma nan lafiya, sai ruwan sama da ya hana mu sakat.

Ban raina tsoronki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ke ce a ɗakin. Amma ina so ki tuna yadda na same ta zuwana na ƙarshe kafin in sayi injin nan. Tana zaune ta fuskanci bango, a kawo abinci a ɗauke yadda aka kawo shi, Tsigi ta hau cinyarta ta sauka ba ta ko shafa kanta ba. Ke da bakinki kika ce min kina tsoron za ta bi Baba. Da na ga injin a kanti, na ga na lantarki ne amma ana taka shi da ƙafa ana juya katako da hannu biyu, sai na ce wannan ai ɗinki ne, hannunta zai gane shi. Ya kuwa gane.

Zarton cikinsa bai fi tsinken tsintsiya kauri ba. Yana yanka, ban musa ba, amma ba irin namu na wurin aiki ba ne da ke cire hannu. Maganin abin shi ne tsari. Kada ta kunna shi sai Tsigi tana barci a uwar ɗaki, a ja ƙofa, a buɗe taga, ta ɗaure hancinta da ƙyalle. Ki rubuta mata wannan da manyan baƙaƙe ki manna a jikin injin. Na sa mata 'yar takarda a cikin wannan, ki ba ta.

Zancen hana ta katako kuwa bai kwanta min ba. Kin san Mama. Matar da ta taɓa warware labulen falo ta ɗinka mana kayan makaranta ba za ta zauna ta naɗe hannu don kafinta ya ce babu ba. Ki koma ki ce ya ci gaba da ba ta.

Ki ba ni zuwa ɗaukewar ruwa. Zan zo mu zauna mu uku, in ya kama a ɗauke injin ni zan ɗauke shi da hannuna.

Ki shafa min kan Tsigi. Allah ya ƙara miki haƙuri.

Yayanki

*

Babba,

Sallama da gaisuwa da sa albarka. Yaya ruwa, yaya gajiya? Na ga 'yar takardarka. Kai ma ka zama likita kamar ƙanwarka, kowa da dokarsa. To na bi. Ba na taka keke sai ƙawata Tsigi ta yi barci, kuma ina ɗaure hanci kamar mai fashi.

Ka ce in ba ka labarin aikin, to saurara. Takardar zane nake mannawa a kan katako. Duk inda za a cire, sai in huda ɗan rami, in kwance zarton in zura shi ta ramin kamar zare a allura, in ɗaure, in taka. Ba a tura shi, Babba, lallaɓa shi ake, shi yake ci da kansa. In an zo kwana sai a juya katakon yadda ake juya wuyan riga. Kowane ganye dole ya riƙe ɗan'uwansa ko da ta ɗan siririn wuri ne, in ka yanke wannan wurin sai ka ga furen ya faɗo ƙasa, aikin yini ya tashi a banza. Na yi kuka a kan wannan ba sau ɗaya ba. Zarton kuma tsinkewa yake kamar allurar banza, na zuba sauran a gwangwanin maɓallai na ɓoye a uwar ɗaki saboda 'yar ƙiriniyar nan.

Ba na jin ƙararsa, amma ina jin sa a tafin hannuna da ƙafata. A gidan nan shi kaɗai yake min magana ba sai ya ɗaga murya ba.

Yanzu ga wani zance, tsakanina da kai. Kafintan ƙasa ya ce wai guntaye sun ƙare. Shago cike da katako, guntaye sun ƙare! Na kalli idonsa na san da sa hannun ƙanwarka. Ai ni na haife ta. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Na fara da gindin durowar kicin, na shimfiɗa kwali a madadinsa, har yau ba wanda ya lura. Sai ranar nan ina jera kaya a doguwar wadirob ɗin babanku, hannuna ya taɓa bayanta. Babba, in ka ga katako! Fale-fale, sumul, faɗinsa ya kai ƙofa, yana can yana kallon bango shekara da shekaru ba ya wa kowa amfanin komai. Na kwashe kayan, na shiga ciki da dunduniyar takalmi na bi gefe-gefe ina bugawa, 'yan ƙusoshin suka saki, na zaro shi ta gefe. Ai bayan wadirob shafi ne kawai, kamar shafin riga, don ƙura aka yi shi. Na auna yadi mai kalar katakon na yi masa kalmasa, na kafe shi tsaf a wurin. Ko kai ka buɗe ba za ka gane ba.

Allon kan gado nake yi wa ƙawata da shi. Reshe ne ya taso daga wannan gefe zuwa wancan, da tsuntsaye a kai, uwa da 'ya'yanta. In ƙanwarka ta gan shi ta sake cewa wasan yara nake, ka canza min suna. Na ci rabi.

Ƙofar wadirob ɗin ta ɗan fara gardamar rufuwa, sai na ɗaga ta da gwiwa. Damina ce, katako yakan kumbura. Ƙawata kuwa ta mayar da cikinta gidanta, ta shige ta ja ƙofa in yi ta nema, ta kama hannun ƙofar tana lilo tana dariya. Ina ganin dariyar ko ban ji ba.

Kada ka gaya wa Auta, so nake ta gani kwatsam. Ka riƙa cin abinci. Allah ya yi maka albarka, ya dawo min da kai lafiya.

Mamanka

*

Auta,

Salamu alaikum. Ki ajiye duk abin da kike yi ki karanta wannan.

Ki fitar da Tsigi daga uwar ɗaki yanzu, ki kulle ɗakin, ki sa mabuɗin a jakarki. Mama ta cire katakon bayan doguwar wadirob ɗin Baba ta sa yadi a wurin. Ki ɗaga kayan ki taɓa za ki ji. Ta ce kada in gaya miki, amma wannan ba abin rufewa ba ne.

Ita gani take shafi ne. Ba shafi ba ne, shi ne yake riƙe da wadirob ɗin gaba ɗaya. Ki ɗauki kwalin ashana ki zare na cikin, ki danna shi ta gefe ki ga yadda zai kwanta. Haka wadirob ɗin nan take a yanzu. Ta rubuto min cewa ƙofar ta daina rufuwa, wato ta riga ta fara karkacewa. Ta kuma ce Tsigi tana shiga ciki, tana lilo a jikin ƙofar.

Kada ki tura ta, kada ki ce za ki kwashe kayan ke kaɗai. Ki kira kafintan ƙasa ya zo da mutum biyu su kwantar da ita a ƙasa. In akwai wani abu mai nauyi a samanta, su fara sauke shi.

Na hau dutsen da muke samun sabis wani lokaci, babu ko ɗigo, iska ta kayar da ƙarfen eriyar waya. Direbanmu ba zai fita ba sai ruwa ya janye daga kan gada. Na ba wani mai motar tsakuwa wannan takarda, ya ce zai bi ta doguwar hanya, na haɗa shi da Allah ya kai miki hannu da hannu. Ni ma na nemi izinin tafiya, an ce sai an gama zuba simintin da aka fara.

Kada ki yi mata faɗa yanzu. Ki fitar da yarinyar tukuna.

Allah ya tsare.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan ruwa bai tafi da kai ba. Shiru ba direba ba labari, an ce gadarku ta nutse. Zan bar wannan a ofishinku na cikin gari, duk ranar da mota ta tashi ta taho maka da ita.

Na huce, kada ka damu. Dokokinka sun yi aiki, ka ci kyautar goro in ka zo. Mama ba ta taka kekenta sai Tsigi ta yi barcin rana, kuma ta dage sai ta share falo kafin in dawo. Tarin da ƙurar take sa ta ma ya yi sauƙi. Jiya na same su a ƙasa suna jera 'yan tsuntsayen katako, Tsigi tana ba kowanne suna, Mama tana gyaɗa kai kamar tana ji. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga, don rabon da in ga fuskarta haka tun Baba yana da rai.

Wurin kafinta dai ban koma ba, kada ka ce na yi taurin kai. Na ce bari abin da ke hannunta ya ƙare mu ga. Abin mamaki ya ƙi ƙarewa. Akwai wani babba da take lulluɓewa da zane in ta ga na shigo, na tambaya ta ce ba ruwana. Ina jin wata maƙwabciya ce take kawo mata.

Na yi 'yan gyare-gyare a uwar ɗaki. Na mayar da katifar Tsigi can lungu gindin wadirob ɗin Baba, don nan ne ya fi nisa da ƙofa, ƙura ba ta kaiwa. Akwatunan littattafansa da suka tare hanya kuma na sa an ɗora min su a samanta, ɗaki ya yi fili. Sai dai wadirob ɗin ta tsufa, Yaya. In an buɗe ta wani irin kuka take yi, kuma in na tsaya daga ƙofa sai in ga kamar ta ɗan jingina gefe guda. Ko daɓen ne ba daidai ba? In na samu hutu ƙarshen wata zan sa a duba ta.

Wannan makon duk aikin safe nake, sai yamma nake dawowa. A karon farko ina fita ba tare da gabana yana faɗuwa ba. Ka ga na yarda ka fi ni gaskiya sau ɗaya, kada ka saba.

Tsigi ta ce a gaya wa Kawu ya kawo mata kifi daga ruwansa.

Sai na ji daga gare ka.

Auta

*

Yaya,

Salamu alaikum. Takardarka ta iso jiya da hantsi. Mai motar tsakuwa ya kawo ta har asibiti, ya sa min a hannu yadda ka ce. Na karanta ta a bakin gadon Mama. Ihu bayan hari.

Tsigi tana raye. Na fara da wannan don kada zuciyarka ta buga. Ƙurjewa ce a goshi da kumburi a ƙafa, an yi hoto, ba abin da ya karye. Mama ce. Hannun dama ya karye a wuri biyu, ƙashin kafaɗa ya tsage, bayanta duk ya yi baƙi.

Shekaranjiya ne da rana. Tana falo tana aiki, zarto ya tsinke, ta tashi ta shiga uwar ɗaki ɗauko wani. Da bai tsinke ba, Yaya. Ka tsaya ka yi tunanin wannan, don ni na kasa daina yi. Ta tura ƙofa ta ga Tsigi ta farka, ta kama hannun wadirob ta ɗage ƙafafu tana lilo, wadirob ɗin kuma tana tahowa. Ta ce a hankali take tahowa, kamar mai ruku'u. Ba ta san lokacin da ta tsallake ɗakin ba. Ta dai faɗa kan yarinyar, sauran kuma ya sauka a bayan Mama, da katako da kaya da akwatunan da ni na sa aka ɗora.

Kafintan ƙasa ne ya ji ƙarar, ya ce ya zaci bene ne ya rufto. Ya hau ya yi ta bugun ƙofa, wa zai buɗe? Sai da ya ɓalle ta. Shi da matarsa da wani mai shago suka ɗaga. Matar ta ce min tun daga matakala suke jin kukan Tsigi, amma da suka ɗaga katakon Mama tana kife a kanta tana ta faɗin abu ɗaya: "Tana numfashi? Ba na jin kukanta. Ku gaya min, tana kuka?" Yarinya tana tsala ihu a ƙarƙashin ƙirjinta, ita ba ta sani ba. Duk tsawon lokacin nan tana zaton gawa ta rungume.

Ina bakin aiki aka shigo da su. Na ga matar kafinta ɗauke da 'yata, jini a fuska. Ban san me na yi ba, abokan aikina sun ce sai da aka riƙe ni.

Da na koma gida ɗauko musu kaya na ga yadin. Kalmasa ta yi masa, Yaya, har da ninki a kusurwa! Na yaye zanen falo na ga allon. Na dawo asibiti, na tsaya a gabanta inda za ta ga bakina da kyau, na ce, "Kin kusa kashe min 'ya saboda wasan yara." Ta gane. Ta juyar da kai.

Kada ka rubuto min wa'azi. Na san abin da za ka ce game da kafinta da guntayen katako, na san wanda ya kai katifar lungun nan. Kai ma ka san wanda ya sayo injin. Kowa ya riƙe nasa.

Na cire wayar injin na jefa a jakata. Na ɗauki hutu, kuma na fara cigiyar mai raino. Ba zan sake bar mata Tsigi ba, ko na minti ɗaya.

Ka zo in an sake ka.

Auta

*

Babba,

Sallama. Da hagu nake rubutu, ka yi haƙuri da shi.

An sallame ni. Ka sa a zo a ɗauke keken, ka ba wanda zai iya. Allon kuma a ƙona shi.

Ƙanwarka ta yi gaskiya, kada ka ga laifinta. Ka ce mata ta samo mai rainon da wuri, mai kunne. In yarinyar ta zo wurina ina korar ta, don kada ta saba. Tana kuka, ina gani. Gara haka.

Ni ba abin ba wa amana ba ce yanzu. Na yarda.

Allah ya yi muku albarka.

Mamanka

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Amincin Allah a gare ki. Na gode wa Allah da ya bar mana su duka biyu. Tun da na karanta takardarki ban yi aikin kirki ba, har mai gidanmu ya ce in koma ɗaki kafin in faɗa rami.

Ba zan yi miki wa'azi ba. Ke kika ga jinin, ni labari na ji. Na sa miki takardar da Mama ta aiko min a cikin wannan. Ki karanta, don ke ya kamata ta rubuta wa, ta kasa.

Zancen injin na bar shi, a ɗauke ko a bari, duk ɗaya ne a wurina yanzu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne korar yarinyar da take yi. Mama ba ta taɓa cewa ta kasa wani abu ba tun da na san ta. In ta zauna a kan wannan maganar, ba na jin za ta sake tashi.

'Yarki ce, ba ni da ikon in ce ki yi kaza. Ko me kika yanke ba zan ce don me ba. Na dai rubuta wa kafinta ya bi gidan ya kafe duk wani abu mai tsayi a jikin bango, ya gyara ƙofar da ya ɓalle.

An ce hanya za ta buɗe wata mai kamawa. Ina tafe.

Allah ya ba Mama lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Yayanki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Daga ɗakin hutunmu na asibiti nake rubuto maka. Hutuna ya ƙare, yau na koma aiki.

An cire wa Mama filasta makon jiya, hannun yana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Amma ba ta cin abinci sai na tsaya a kanta. Na samu mai raino, mace mai hankali, mun gama magana za ta fara yau. Jiya da yamma ina haɗa jakar Tsigi sai na gan ta ta je ta tsaya a bakin ƙofar Mama da 'yar tsanarta, ba ta shiga ba, ta koyi ba a shiga. Mama tana kallonta ta madubi, ta cusa gefen mayafi a baki don kada a ji ta. Ba ta san ana ji ba.

Na aika wa mai rainon cewa ta yi haƙuri.

Da safe na yi wa Tsigi wanka, na ɗauke ta na shiga na ajiye ta a cinyar Mama. Na ba matar kafinta mabuɗi, na ce ta riƙa leƙawa. Mama ta ɗaga hannuwanta sama ta ƙi taɓa ta, tana cewa, "A'a, Auta, ɗauke ta, ba zan iya ba." Na durƙusa inda za ta ga bakina na ce, "Ke kika shiga ƙarƙashin katakon, ba mai raino ba. Sai na dawo." Na ɗauki jakata na fita.

Ina sauka tana kirana, har na kai ƙasa ina jin muryarta. Ban juya ba, don na san in na juya zan ɗauke Tsigi. Da na tsallaka titi na ɗaga kai. Tana tsaye a taga, ta saɓa Tsigi a kafaɗar da ba ta karye ba, ta riƙe ta gam da hannu biyu.

Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Tun safe idona yana kan agogo, kuma da sauran yini a gaba. Ka yi mana addu'a.

Ƙanwarka,
Auta